Keken dutse a Harlem: Iya hawa daban, jagorancin 'ya'yan jama'a daban

Duk wanda ya san unguwar Harlem ta birnin New York ya san cewa keke ba baƙon abu ba ne a wurin matasanmu. Daga titi na 116, inda kasuwar Malcolm Shabazz take, har zuwa titi na 125, da wuya mutum ya yi minti biyar a tsaye bai ga wani ɗan Afirka ta Yamma ya gifta a kan keke ba, da jakar abinci a bayansa zai kai wa wanda ya yi oda. Saboda haka a lokacin da mu matasan al'ummar Hausawa muka yanke shawarar riƙa fita da ƙannenmu hawan keke a cikin daji ranar Asabar, babu wanda ya kawo a ransa cewa akwai sauran abin da za mu koya. Mun iya keke, mun san gari, yaran kuma namu ne. Wannan tunani ne ya kusa jawo mana abin da za mu daɗe muna da-na-sani.

Mai karatu zai iya tambaya, wane daji ne kuma a tsakiyar New York? Akwai shi. Arewa da Harlem kaɗan akwai gandun shaƙatawa na Highbridge, wanda ya miƙe a kan tudu a gefen kogin Harlem, daga titi na 155 har zuwa titin Dyckman. A shekarar 2007 aka buɗe hanyoyin keken dutse a ƙarshensa na arewa, kuma su ne na farko da hukumar kula da gandun shaƙatawa ta birnin ta amince da su. 'Yan sa-kai na ƙungiyar NYCMTB ne suka yi aikin sare su da hannu, tsawonsu kimanin mil 3. Akwai irinsu a gandun Cunningham da ke Queens da kuma Wolfe's Pond da ke Staten Island, amma Highbridge ne na kusa da mu, domin jirgin ƙasa mai lamba 1 yana ajiye mutum a Dyckman, daf da gindin tudun. Hanyoyin ƙanana ne na ƙasa, cike da duwatsu da saiwoyin itace da gangare, shi ya sa ake hawansu da keke mai faffaɗar taya da giya da yawa da birki mai ƙarfi.

A wata Asabar ta hutun bazara muka kwashi yara tara, mu biyu kacal manya, kuma dukkanmu muna gaba muna tsere da juna. Ba mu san cewa alamomin da ke bakin hanyoyin suna da ma'ana ba: koren da'ira na ɗan koyo ne, shuɗin murabba'i na mai matsakaicin gwaninta, baƙin lu'ulu'u kuwa na ƙwararru. Muka faɗa ta ƙwararru. A wani gangare mai duwatsu yaro ɗan shekara 12 ya damƙe birkin gaba da ƙarfi, keken ya wurgar da shi, kansa ya bugi ƙasa, hular kwanon da ke kansa ta zame baya saboda ba a ɗaure ta daidai ba. Sai da muka yi nisa sannan muka lura babu shi. Da muka koma muka tarar ya miƙe yana karkaɗe jiki, ya ce lafiyarsa ƙalau, mu kuma muka ce masa namiji ne, ya hau mu tafi. Da dare ya fara amai da ciwon kai, aka garzaya da shi asibiti, likita ya ce ƙwaƙwalwarsa ce ta girgiza. Allah Ya kiyaye, ya warke bayan 'yan makonni.

Washegari muka je gaishe shi, gabanmu na faɗuwa. Mahaifinsa, dattijo ne da ya zo ƙasar nan tun kafin a haife mu, bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi: "Yarana, wa ya koya muku hawan keke?" Muka ce: "Baba, babu kowa, da kanmu muka koya." Ya ce: "To, wa ya koya muku riƙe 'ya'yan mutane a daji?" Muka sunkuyar da kai. Ya ce: "Ban hana ku ba, domin gara ya bi ku da ya bi 'yan bakin titi. Amma ku je ku koyo, sannan ku dawo ku ɗauke shi."

Da muka shiga bincike sai muka gano cewa abin da muka ɗauka wasa ne, fanni ne mai horo da jarrabawa da takardar shaida. Shi kansa wasan ya samo asali ne a gundumar Marin ta Jihar Kalifoniya a shekarun 1970, ya kuma shiga gasar Olamfik a Atlanta a 1996. A nan Amurka akwai ƙungiyar NICA, wadda aka kafa a 2009 domin 'yan makarantun sakandare, tana da reshe a Jihar New York, kuma ta kasa masu horar da yara mataki uku. Akwai BICP, wadda ke da kwas na musamman ga masu jagorantar ayarin mahaya. Akwai kuma PMBIA, wadda ta faro daga Whistler a ƙasar Kanada. Kowace da tsarinta, amma ginshiƙan iri ɗaya ne, kuma su ne muke so mu bayyana wa iyayenmu da 'yan'uwanmu matasa.

Na farko ba ya da alaƙa da keke ko kaɗan. Kafin NICA ta ba mutum ko da matakin farko, sai an binciki tarihinsa ko an taɓa kama shi da laifi, sannan ya yi darasi kan kare yara daga cin zarafi. Daga cikin ƙa'idojin da ake koyarwa akwai cewa babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro ɗaya inda babu idon kowa. Wasu daga cikinmu sun ji nauyin wannan, suna ganin kamar zargi ne ga mutumin da kowa ya san gidansu. Amma da muka natsu sai muka ga ƙa'idar tana kare yaron, tana kuma kare mutuncin shi jagoran.

Na biyu shi ne taimakon gaggawa. Mun koyi yadda ake farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya: danna ƙirji sau 30, hura iska sau 2, da saurin dannawa 100 zuwa 120 a minti ɗaya. Takardar wannan horo tana aiki na shekara 2 ne, sai a sake. Sannan akwai kwas ɗin taimakon gaggawa na daji, mai ɗaukar kwana biyu, kimanin awa 16, inda ake koyon ɗaure karaya da tsayar da jini da kula da wanda zafi ya buge, a wurin da motar asibiti ba za ta iso da wuri ba. Batun girgizar ƙwaƙwalwa kuwa, hukumar CDC ta Amurka tana da darasi kyauta a intanet mai suna HEADS UP. A nan ne muka ga girman kuskurenmu. Ciwon kai, jiri, amai, ruɗewa, ko ƙin haske, duk alamu ne, kuma suna iya ɓoyewa sai bayan awanni. Hukuncin ɗaya ne: wanda kansa ya bugu ya gama hawa a wannan rana, ba ya komawa sai likita ya amince, ko da ya rantse lafiyarsa ƙalau.

Na uku shi ne duba kayan aiki kafin a motsa. Iskar taya, birki, cen da feda, sai maƙullin da ke riƙe ƙafar keke, ana bin su ɗaya bayan ɗaya a kan kowane keke. Hular kwano ta zauna daidai, tazarar yatsa biyu sama da gira, igiyarta kuma ta kama haɓa. Dokar Jihar New York ta wajabta hula ga duk yaron da bai kai shekara 14 ba, amma a ayarinmu babu mai hawa babu hula, ko shekarunsa nawa.

Na huɗu shi ne iya koyarwa, kuma a nan ne masu taƙama da gwaninta suka sha mamaki. Mai jarrabawa ba ya neman ka nuna masa tsalle. So yake ya ga ko za ka iya bayyana wa yaro cikin 'yan kalmomi yadda zai miƙe a kan feda biyu a daidaice, ya sassauta gwiwa da gwiwar hannu, ya ɗora yatsa ɗaya a kan kowane birki, ya kalli inda za shi maimakon dutsen da yake tsoro. Birkin gaba ne ya fi ƙarfin tsayar da keke, a Amurka kuma yana hannun hagu ne, saɓanin Ingila inda yake hannun dama. Ana matsa shi a hankali tare da na baya. Da mun yi minti goma a fili muna koya wa ƙanenmu wannan, da bai tashi sama ba.

Na biyar shi ne tafiyar da ayari. Jagora yana bin hanyar shi kaɗai kafin ranar fita. Ranar fita kuma mutum ɗaya yana gaba, babu mai wuce shi, ɗaya yana can ƙarshe, babu wanda ake bari a bayansa. Ana tsayawa a kowace mararraba a ƙirga kawuna. Ana tafiya da saurin wanda ya fi kowa rauni. A jakar jagora akwai ruwa, famfo, kayan faci, akwatin magani, da takardar izinin iyaye mai ɗauke da lambar waya da bayanin ciwo irin su asma. Dole ya san sunan titin da ya fi kusa da kowane sashe, domin idan ya kira 911 ya ce yana cikin daji kawai, babu wanda zai same shi. Idan an yi ruwan sama ƙasa ta jiƙe, a fasa fita, saboda santsi da kuma lalata aikin 'yan sa-kai.

Da muka kai wa dattijon nan wannan bayani, sai ya yi murmushi ya ce ai wannan tsarin kakanninku ne. Ya tuna mana fataken da suka riƙa tafiya daga Kano zuwa Salaga a ƙasar Gwanja sayo goro a ƙarni na 19, tafiyar watanni. Jagaba ne a gaba yana duba hanya, madugu kuma uban tafiya yana kula da kowa har a sauka zango. Ba a ba mutum madugu don ya fi kowa sauri. Sai ya bi wasu shekara da shekaru, ya san rijiya, ya san mashigin kogi. Haka abin yake a nan, domin kafin a hau manyan matakai sai mutum ya tara awannin aiki a fili tare da yara, a ƙarƙashin waɗanda suka riga shi. Takarda kaɗai ba ta yin madugu, ba ta kuma hana faɗuwa. Abin da take tabbatarwa shi ne idan an faɗi akwai wanda ya san abin yi.

Wani zai ce, tunda akwai ƙwararru a gari, me ya sa sai namu? Dalilin a bayyane yake. Jagoran da ya fito daga cikinmu ya san zai tsara fita yadda ba za a rasa Azahar ba. Ya san a watan azumi ba a kai yaro mai azumi hawan tudu da rana. Zai iya zama da uwa ya fassara mata takardar izini da Hausa ko Zabarmanci ko Faransanci, ta san abin da ta sa wa hannu. Ya san doguwar riga tana shiga cen, ya kuma san yadda za a gyara ba tare da an ci fuskar kowa ba. Ƙannenmu mata kuwa har yanzu suna kallo ne daga taga, domin iyaye ba za su saki 'ya'yansu mata ba sai akwai mace a cikin jagorori, kuma suna da gaskiya. Wannan giɓi ne da sai yayyenmu mata sun shigo za a cike shi.

Mun kuma ji masu cewa keke abin talaka ne, ba don shi aka ƙetaro teku ba. Muna tunatar da su cikin ladabi cewa Nelson Vails, ɗan Harlem da ya yi aikin kai saƙo a kan keke a titunan birnin nan, ya ci lambar azurfa a Olamfik ta Los Angeles a 1984. Tun 1973 aka fara tseren keke na Harlem a kewayen gandun Marcus Garvey, wanda wani ɗan sanda mai suna David Walker ya assasa domin yaran unguwa. Iyayenmu da suka yi kasuwanci a bakin titi na 125 har zuwa 1994, lokacin da aka tashe su, sun girma ne a inda yaro ke da fili da gona da rafi. 'Ya'yansu kuwa sun tashi a ɗakunan bene, tsakanin makaranta da allon waya. Kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa taka ƙasar da ba kwalta ba.

Roƙonmu ga shugabannin al'umma da limamanmu da ƙungiyoyin iyaye mata bai da yawa. Kwasa-kwasan nan suna cin ɗaruruwan daloli, abin da ya fi ƙarfin matashin da ya gama sakandare yana aikin awa. Al'ummar da take haɗa kuɗin suna da biki da kai gawa gida ba za ta gaza ɗaukar nauyin horar da matasa huɗu ba, biyu maza biyu mata. Ga iyaye kuma, duk wanda ya zo ɗaukar ɗanku, ko mu ne, ku tambaye shi takardarsa ta taimakon gaggawa, ku tambaye shi manya nawa ne za su tafi, wa ke gaba, wa ke baya. Wanda ya ji haushin tambayar bai isa a ba shi yaro ba.

Ƙanen namu ya dawo cikin ayari, kuma yanzu shi ne ke zagayawa yana duba igiyar hular 'yan'uwansa kafin a tashi. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba mu ikon riƙe amana, amin.