Dalilan da Ke Sa Madubin Hangen Nesa Ya Kuskure Jinjirin Wata

Gabatarwa

Duban wata daɗaɗɗiyar al'ada ce a ƙasar Hausa, domin sai an tabbatar da ganinsa Sarkin Musulmi ke ba da sanarwar ɗaukar azumi ko ajiye shi. A yau akan haɗa madubin hangen nesa da kwamfuta mai manhajar taswirar sama, irin su Stellarium, ita ce ke juya mazaunin madubin ya fuskanci abin da ake nema. Sau da yawa kuwa sai a leƙa a tarar da sarari fayau. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana inda kuskuren ke ɓuya, tare da ɗaukar gonakin Rimin Gado a matsayin misali.

Lokaci da Wuri

Manhaja ba ta ganin sama, lissafi kawai take yi bisa ga abin da aka gaya mata. Sama tana juyawa digiri 15 a kowace awa, watau digiri ɗaya cikin minti 4, alhali faɗin wata rabin digiri ne kacal. Ke nan agogon da ya yi lattin minti 2 ya isa ya gusar da madubi da faɗin wata guda. Agogon Nijeriya yana gaba da na GMT da awa ɗaya. Wanda ya manta da wannan ya kauce da digiri 15.

Haka kuma Rimin Gado tana wajen digiri 12 arewa, da digiri 8 da 'yan kai gabas. In aka rubuta yamma a maimakon gabas, kuskuren zai haura digiri 16.

Kafa Mazauni

Mazauni irin wanda ke bin juyawar sama tilas ne a saita shi da tauraron arewa. To, tsayin wannan tauraro daidai yake da nisan gari daga tsakiyar duniya, watau digiri 12 a nan. Saboda haka rimi ko ɗorawa ko hazon hunturu na iya tare shi. Ya kamata a zaɓi fili tun daren jiya, a saita, a yi wa ƙafafun alama a ƙasa mai tauri.

Daɗin daɗawa, a tabbata manhaja da mazauni suna aiki da lissafin shekara ɗaya. Tsakanin na 2000 da na 2025 akwai ratar kimanin sulusin digiri.

Kammalawa

Mai duba ya bi matakan nan bi da bi: agogo, wuri, mazauni. Daga nan ya gwada da Zara in tana yamma, ko wani tauraro mai haske, ya kawo shi tsakiyar madubi, ya shaida wa manhaja. Jinjirin daren farko ba ya daɗewa bayan faɗuwar rana, wanda kuma ya tsaya gyara a lokacin, sai dai ya ji labari a rediyo.