Yadda Sinadarai Ke Tatso Ragowar Ɗanyen Mai Daga Tsofaffin Rijiyoyi

A Minna da sauran sassan Jihar Neja, zancen man fetur har yanzu zancen nema ne. Kwarin Bida na cikin yankunan da aka sa ran za su amfana da asusun binciken mai da Dokar Masana'antar Man Fetur ta 2021 ta kafa. A Neja Delta kuwa, inda aka gano mai a Oloibiri a 1956, damuwar daban ce: rijiyoyi da dama sun tsufa, abin da suke fitarwa yana ja da baya, alhali man yana nan kwance.

Ɗanyen mai yana maƙale ne a ƙananan ƙofofin dutse, kamar ruwa a cikin soso. Da farko matsin da ke ƙarƙashin ƙasa ne ke turo shi sama. Idan matsin ya yi rauni, sai a ɗura ruwa ta wata rijiya domin ya koro man zuwa wata. Duk da haka, a galibin filayen mai na duniya, abin da ake samu bai wuce kusan kashi ɗaya bisa uku ba.

Matsalar ruwa ita ce tsinkewa: yakan bi hanya mafi sauƙi ya wuce, ya bar man a baya. Shi ya sa ake zuba masa sinadarin polima, ya yi kauri da yauƙi kamar miyar kuɓewa, yadda zai share dutsen sosai maimakon ya zurare. Akwai kuma sinadarai dangin sabulu masu saki man daga jikin dutse. Wani lokaci akan ƙara soda, wadda ke haɗuwa da asid ɗin da ke cikin ɗanyen man ta samar da sabulu a can ƙasa, kusan yadda ruwan toka da mai ke zama sabulun salo.

Ƙasar Sin ce ta fi nisa a wannan fanni. Filin Daqing, da aka gano a 1959, ya rungumi ɗura polima gadan-gadan tun 1996. Oman ta fara a filin Marmul a 2010.

Cikas ɗin ba ƙarami ba ne. Zafi da gishiri suna lalata polima, dutse yana shanye wani kaso na sinadaran, sannan akasarinsu da dala ake sayo su. Wannan ne ya sa masu bincike a jami'o'in Najeriya suka gwada ƙaro da kuɓewa a madadinsu, kodayake nasarar ɗakin gwaji ba ta tabbatar da nasara a rijiya.

Ga Kwarin Bida, lokacin wannan dabara bai zo ba. Sai dai samfurin dutse da ma'aunin zafi da gishirin da aka tattara daga rijiyoyin farko su ne za su nuna sinadarin da zai dace da shi, idan har an samu man.