Yadda Rigar Sallah Ke Komawa Rigar Zaman Gida

A yawancin gidajen Riruwai, kamar sauran garuruwan kudancin Kano, tufafin mutum kashi biyu ne, kuma ko wurin ajiyarsu ba ɗaya ba ne. Akwai waɗanda ke ninke a akwati, an jefa musu kafur saboda asu da kyankyasai, ba a taɓa su sai Juma'a ko ɗaurin aure ko tafiya birni. Akwai kuma waɗanda ke rataye a ƙusa bayan ƙofa ko a igiyar da ta ratsa ɗaki, waɗanda hannu ke lalubo su ko da duhu. Na farko su ne kayan fita, na biyu kayan zaman gida. Kowa ya san na biyun sun fi daɗin sawa, amma ba kowa ya tsaya ya nemi dalili ba, alhali sau da yawa yadin iri ɗaya ne, kuma tela ɗaya ya ɗinka su.

Asalin wannan rabo yana cikin tsadar tufa. Kafin zuwan injin saƙa, riga guda aikin hannuwa da yawa ce. Sai an gurje auduga an shiɓe ta, mata sun kaɗa zare da mazari, masaƙi ya saƙa shi siri-siri, maɗinki ya harhaɗa, sannan a kai marina, daga nan a wuce wa masu bugu. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya iso Kano a 1851, ya tarar da saƙa da rini su ne ƙashin bayan kasuwancin birnin, ana kai kayansu har Timbuktu da ƙetaren Sahara. Abin da ya ci wannan wahala ba a shiga gona da shi. Manomi, da mai haƙar kuza a duwatsun Riruwai, garin da ya yi suna da wannan ma'adini tun kafin zuwan Turawa, bante ko warki suke ɗaurawa su yi aikinsu, riga kuma ta jira ranar kasuwa ko ranar Idi. Tufa ta yi araha daga baya, musamman bayan buɗe masaƙun zamani irin ta Kaduna a 1957, amma ɗabi'ar tattalin mai kyau da cin moriyar tsoho ba ta gushe ba.

Daga nan ne abin da za a iya kira tsanin tufa ya fito. A al'adance ba a zuwa kasuwa domin sayen kayan zaman gida. Ana sayen kayan sallah ne, ko a kawo su cikin lefe, sai su riƙa sauka mataki-mataki. Shaddar da aka je Idi da ita bana, baɗi ta zama ta Juma'a. Idan ta fara koɗewa sai ta koma ta zuwa kasuwa ko majalisa. Wuya ya fara cinyewa, aljihu ya ɓarke, ta zama ta zaman gida. Daga nan sai gona, daga gona sai tsumman goge babur. Turmin atamfa mai yadi shida shi ma haka yake: riga da zani da ɗankwali ne na fitar biki a farko, ƙarshensa zanin ɗaurin ƙirji ne a gindin murhu, ko majanyin goyo, ko gammo.

To me ya sa tufa ke ƙara daɗi a jiki tana sauka? Amsar tana cikin abin da ake yi mata domin ta yi kyan gani. Yadi zare ne da aka gitta wa zare, kuma tsakaninsu akwai ƙananan kafofi da iska ke bi. Idan mai wanki da guga ya tsoma riga cikin sitaci, ruwan sitacin yakan cike waɗannan kafofi, ya bushe ya manne zaren wuri guda. Shi ya sa rigar ke tsayawa ƙyam, karin guga ya fito kamar an ja layi. Idan kuma aka kai shadda wurin masu bugu, suka shimfiɗa ta a kan gungume suka yi ta dukanta da manyan sanduna, zaren da yake a mulmule sai ya baje, fuskar yadin ta yi sumul, haske ya riƙa faɗa mata yana dawowa ido. Wannan shi ne ƙyallin da ake biya kuɗi a samu. Shaddar kamfani irin Getzner ta ƙasar Ostiriya ma da matsi da zafin inji ake fito mata da nata. Amma duk abin da ya toshe kafa ya hana iska wucewa, ya hana gumi fita. Ga kuma nauyi: cikakken ɗinkin babbar riga da 'yar ciki da wando yakan ci yadi goma, kafin a zo kan zaren aikin wuya da na aljihu.

Wanki kuwa kishiyar wannan yake yi. Kowane wanki yana zare ɗan sitaci, yana sassauta zaren, yana buɗe kafofi. Audugar da ta sha ruwa da rana sau da yawa takan yi laushi, ta fi shan gumi, ta bi jiki yadda ya lanƙwasa. Wato abin da ya rage wa riga daraja a idon jama'a shi ne ya ƙara mata daɗi a fatar mai ita.

Akwai kuma batun inda iyaka take, kuma ginin gidan Bahaushe ya riga ya shata ta. Zaure shi ne tsakani. Daga shi zuwa ciki, magidanci zai iya zama da singileti da wando, ko 'yar shara mara hannu, ba wanda zai ce uffan. Da an yi sallama, sai ka ji ya ce wa yaro, "Ɗauko mini rigata da hula," kafin ya leƙa. Idan aka ce surukinsa ne a ƙofa, rigar ma sai an zaɓa. Addini ya ƙarfafa wannan tsari ta fuska biyu. Ya so a yi wanka a sa tufa mai kyau da turare domin Juma'a da Idi, sannan aya ta 58 a Suratun Nur ta ambaci lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini kafin su shiga ɗaki, ciki har da tsakar rana lokacin da ake tuɓe tufafi a huta.

Lamarin mata ya fi sarƙaƙiya, domin kayan zaman gidansu kayan aiki ne. Mai surfen masara, mai hura wuta da ɗanyen itace a damina, mai yaye da goyo, ba za ta yi wannan da leshi ba. Hayaƙi yana kama yadi, manja ba ya fita da sauƙi. A da, idan fita ta kama mace, dole ta sake shiri tun daga zani har mayafi. Yaɗuwar hijabi daga wajajen shekarun 1980 ta sauya wannan ba tare da an lura sosai ba. Dogon hijabi yana rufe komai, don haka mace za ta iya zumbula shi a kan zanin girkinta ta leƙa barka a maƙwabta ko ta kai yaro kemis, ta dawo ta ci gaba da tuƙa tuwo. An karɓe shi ne domin sutura, sai ga shi ya rage wa mata wahalar canza kaya. Wani abin da baƙo ba zai gane da wuri ba shi ne, a cikin gidan ma akwai kwalliya. Bayan la'asar, an gama aiki an yi wanka, mace takan sa atamfa mai kyau ta ja kwalli ba tare da za ta ko'ina ba. Gwaggo takan ja kunnen amarya tun ranar kai ta: kada miji ya riƙa ganin tsumma, 'yan biki su riƙa ganin ado. Ba a cika yi wa ango irin wannan huɗuba ba, ko da yake shi ma singiletinsa mai huji ba abin kallo ba ne.

Riruwai tana da nata ƙarin. Garin yana cikin duwatsu a kan tudun da ke hawa zuwa wajen Jos, kudu da dajin Falgore, ya fi birnin Kano tsayi da yawan ruwan sama, kuma iska tana ƙara sanyi ne da kimanin digiri 6 a duk mita 1,000 da aka hau. Saboda haka a Riruwai kayan zaman gida ba kullum ne marasa nauyi ba. Da hunturu, mutum yana bakin wuta da sassafe cikin rigar sanyi ta gwanjo, irin wadda ake sarowa dila-dila daga Ƙofar Wambai, da hular sanyi da safa, a wurin da kakanninsa suka yafa gwado. Idan zai fita ɗaurin aure sai ya ɓoye suwaitar a ƙarƙashin kaftani, wuyanta kaɗai ke tona asiri.

Abin da ke sauyawa yanzu shi ne tsanin kansa. Yadi mai yawa da ke fitowa daga Kantin Kwari a yau na roba ne, ko auduga da aka gauraya da roba, mafi yawa daga Sin. Zaren roba ba ya shan ruwa, don haka yana saurin bushewa, ba ya yamutsewa, ba ya koɗewa da wuri, ga araha. Sai dai wanki ba ya sa shi laushi irin na auduga. Yadda ya riƙe zafi ranar farko haka zai riƙe shi bayan shekara biyu, don haka ba ya tsufa ya zama kayan hutu. Wannan na cikin dalilan da suka sa mutane suka fara sayen kayan zaman gida daban: jallabiya ga maza, jesin ƙwallo ga samari, doguwar riga mara nauyi ga mata.

A ganina, nan ne ya kamata mai saye ya fi sa ido, domin lissafin ya juye. Mutum yakan zuba kuɗinsa a shaddar da zai sa awa uku a mako, ya sayi mafi arha domin rigar da zai wuni ya kwana a ciki. Ga mata abin ya wuce batun zafi. Auduga idan ta kama wuta ci take yi ta zama toka, roba kuwa narkewa take ta manne a fata, kuma doguwar riga mai baza a gaban murhu ko risho ba ta da nisa da harshen wuta. Mai shakkar abin da aka sayar masa zai iya zare ɗan zare daga bakin yadin ya kusanta shi da ashana: idan ya yi toka mai warin takarda auduga ce, idan ya dunƙule ya yi ƙwallo mai tauri roba ce, komai sunan da mai shago ya kira ta da shi.