Nasiha Ga Mai Son Sayen Manuniyar Ƙarfe

 Dalilin rubutun nan shi ne, da kakar bara wani tsohon almajirina, wanda yanzu yake fatauci, ya zo mini nan Rimin Gado da wani abu mai kama da tocila, tsawonsa kamar inci 9. Ya ce wanda ya sayar masa a birni ya rantse tana jin zinariya ko da ta yi gaba biyu cikin ƙasa. Muka fita bayan makaranta, muka binne tsohon sule zurfin kamu guda, ya goga ta bisa wurin, ta yi tsit. Kuɗinsa kuwa sun riga sun tafi. Tun da na ga samari sun fara sha'awar yawo da irin waɗannan na'urori a kufai da gonaki bayan girbi, na ga ya kamata a yi bayani.

Ku sani na'urar gano ƙarfe iri biyu ce. Akwai babba, mai faifai a ƙarshen doguwar sanda, wadda ake shara ƙasa da ita. Ita ce ta yi suna a ƙasashenmu tun 2014, sa'ad da aka ga zinariya a Jado, can arewa maso gabas da Agadas, mutane suka yi ta kwarara. Sa'an nan akwai ƙarama ta hannu, wadda nake kira manuniya, gama aikinta nuni ne kurum. Babbar ta yi kuka, ka haƙa, sai ka zura ƙaramar cikin ramin ta nuna maka daidai inda abin yake. A bakinta akwai waya a nannaɗe, batir yana sa ta fitar da ƙarfin maganaɗisu, in ya sami ƙarfe sai ƙarfen ya mayar da amsa, tana kusantarsa kukanta da rawar jikinta suna ƙara sauri. Jinta ga abu kamar kwabo bai wuce inci 2 ko 3 ba. Wanda duk ya ce maka ta fi haka nesa ba kusa ba, riƙe kuɗinka. Wuri kuwa, kuɗin kakanninmu, ko tulu guda aka binne ba ta jinsa, don ba ƙarfe ba ne.

To, mene ne amfaninta? A ƙasarmu babu saura, gona tana jikin gona, kowace shekara ana nomawa. Mai haƙa babban rami yana lalube ya ɓata wa mutum kunya, watakila ma ya ture iyaka, a kai ga gaban dagaci. Mai manuniya ramin da bai fi tafin hannu ba ya ishe shi, kuma bakin fartanya ba ya karce abin da ya samu.

Abin da ya fi kome muhimmanci wajen zaɓe shi ne ƙasar da za ka yi aiki a cikinta. Gonakin kewayen Kano shekara da shekaru ana kai musu takin gida da sharar gari a kan jakuna, saboda haka cike suke da ƙusa da guntun gwangwani da murfin kwalba. Yawancin manuniyoyi ba su bambanta ƙusa da azurfa, kuka ɗaya suke yi wa duka. Wasu kuwa, kamar Pro-Find 35 ta kamfanin Minelab na Ostareliya, suna sāke murya in baƙin ƙarfe ne. Wannan yana rage wahala ƙwarai, ko da yake ga sanholo ba ta da dabara, za ta yi masa kuka kamar ya zama abin kirki. Sa'an nan akwai marmara da jar ƙasa da kashin maƙera, waɗanda tama take cikinsu. Kada ku manta Dutsen Dala kansa wurin narka tama ne tun zamanin da. A irin wannan ƙasa manuniya mai araha takan yi ta kuka ba dalili. Nemi wadda take da maɓallin da za ka danna bakinta yana jikin ƙasa, ta saba da ita, ta yi shiru sai ta ji ƙarfe na gaskiya. Shawarata ita ce, ran da za ka saye, ɗebi ƙasar gonarka cikin kwano, ka cusa kwabo da ƙusa da zobe, ka gwada a gaban mai kanti. In ya hana gwaji, ya riga ya gaya maka halin hajarsa.

Duba kuma ko ruwa yana shigarta, gama wadda ruwa bai shiga ba ƙurar hunturu ma ba ta shiga, in ta yi taɓo ka wanke. Pro-Pointer AT ta kamfanin Garrett na Amurka tana jure nutso har ƙafa 20. Amma batirinta irin mai kusurwa huɗun nan ne, wanda ba kowane mai tebur yake da shi a ƙauye ba, sai a sayo da guzuri. MI-6 ta kamfanin XP na Faransa kuwa caji ake yi mata kamar wayar hannu. Jabu ya yi yawa, har launi da suna ake kwaikwaya. In ka ji farashi ya faɗi ƙasa warwas, nemi takardar lamuni ta kamfani da lambar jikin na'urar.

Saura maganar da masu sayarwa ba su faɗa, watau na wane ne abin da aka tono. Malamai sun san Risala ta bayyana rikazi da cewa binnen mutanen jahiliyya ne, kuma ana fitar da humusinsa, ɗaya cikin biyar. Amma abin da ya fi fitowa a ƙasarmu ba shi ba ne. Anini mai huji ne, wanda aka fara bugawa a 1907, da kwabo da sisi da sule na kafin zuwan naira a 1973, da warwaro da zoben azurfa. Waɗannan Musulmi ne suka yar ko suka ɓoye, watakila jikokinsu suna nan cikin gari. Hukuncinsu na tsintuwa ne, abin da yake da daraja a yi cigiyarsa shekara guda. Shiga gonar wani ba da izninsa ba bai halatta ba, balle maƙabarta. Hukuma ma tana da nata: dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana tonon kayan tarihi sai da izni, wanda ya ci karo da su kuma ya sanar, ga Gidan Makama nan cikin birni. Ma'adinai kuwa, zinariya da sauransu, dokar 2007 ta ce na Gwamnatin Tarayya ne.

Almajirin nan nawa daga baya ya sayi wata, bayan ya gwada ta da kwanon ƙasa. Har yau bai sami tukunyar dukiya ba. Abin da ya samu mafi daraja shi ne ɗan kunnen zinariya na wata amarya, wanda ya faɗi a masussuka, mata suka kwana biyu suna sheƙe ƙaiƙayi ba su gani ba. Ya bi tulin ƙaiƙayin kwano kwano, kafin la'asar ta yi kuka. Mijin ya ba shi zabi biyu tukuici, ya kawo mini ɗaya.