Kasuwar Nyaung-U, a Gindin Hasumiyoyin Bagan

Tun kafin rana ta ɗaga, hanyoyin da suka nufi kasuwar Nyaung-U sun cika da babura da keken doki da mata ɗauke da kwanduna a ka. Garin yana bakin kogin Irawadi, a tsakiyar Myanmar wadda a da ake kira Bama, kuma shi ne ƙofar shiga Bagan, tsohon birnin sarauta. Daga zamanin Sarki Anawrahta, wanda ya hau karaga a 1044, zuwa ƙarni na 13, sarakuna da attajirai sun cika wannan fili da wuraren ibada na addinin Buddha, fiye da 2,000 kuwa na nan tsaye har yau. Su ne ke kawo baƙi, amma kasuwar nan ce ke ciyar da gari.

Yankin ba ya samun ruwan sama sosai, domin duwatsun da ke yamma suna tare hadarin damina. Saboda haka abin da ya fi yawa a kan faifan 'yan kasuwa shi ne amfanin busasshiyar ƙasa: riɗi, gyaɗa, wake iri-iri, albasa, busasshen barkono da tsamiya. Mata ne ke riƙe da yawancin cinikin. Za ka gan su zaune cikin zanen da suke kira lonji, sikeli a hannu, suna awo da ma'aunin ƙasar wanda ya ɗara kilo ɗaya da rabi. Gefe guda ga tulin mazarƙwailar giginya. Maza ne ke hawa bishiyar su rataya 'yan tukwane su tari ruwanta, a dafa shi har ya yi kauri, sannan a dunƙula ƙanana-ƙanana. Ga kuma baƙin ƙullun wake mai tsami da garin ya yi suna a kansa, wanda matafiya kan saya su kai gida tsaraba.

Rumfar da ta fi jan ido ita ce ta masu tanaka. Guntayen itace ne aka jera su ɗaure-ɗaure. Mai saye za ta ɗauki ɗaya, ta duba kaurin ɓawonsa, ta shinshina, kafin ta taya. A gida za ta goga ɓawon a kan faffaɗan dutse da ɗan ruwa har ya ba da ƙullu mai ruwan ɗorawa, ta shafa wa kumatunta da na 'ya'yanta don maganin zafin rana. Kusa da ita ga mai haɗa abin tauna: ya shimfiɗa ɗanyen ganye, ya shafa masa farar ƙasa, ya zuba yankakkiyar ƙwaya, wani lokaci da ɗan taba, ya naɗe cikin ƙiftawar ido. Matsayinsa a wurinsu kusan irin na goro ne a wurinmu.

Ba nisa da kasuwar akwai hasumiyar Shwezigon mai rufin zinariya, wadda Anawrahta ya fara, Sarki Kyansittha ya kammala. A hanyar shigarta ana sayar wa masu ziyara furanni da kyandir da turaren tsinke, da siraran ganyen zinariya da ake bugowa a Mandalay domin a manna wa mutum-mutumin Buddha. Kowa sai ya cire takalmi da safa kafin ya taka farfajiya. Da safe limaman Buddha kan ratso gari ba takalmi, ƙoƙon bara a hannu, a zuba musu dafaffen abinci. Mata masu zuhudu kuwa, cikin tufafi ruwan hoda, ɗanyar shinkafa ake ba su. A wajejen watan Janairu, lokacin bikin ɗakin ibada na Ananda, mutanen ƙauye kan zo da amalanken shanu su yi zango, filin ya koma kasuwa ta kwanaki.

Sana'ar da ta fi dogara da baƙi ita ce ta kwanuka da akwatunan ƙaro na unguwar Myinkaba. Da tsagin gora ake saƙa gindin, wani har da gashin doki, a shafe shi da ƙaron wata bishiya, a kai ɗakin ƙarƙashin ƙasa ya bushe, a goge, a sake shafawa. Haka za a yi ta maimaitawa watanni kafin a zana ado da tsinken ƙarfe.

A 2019 UNESCO ta sanya Bagan cikin kayan tarihi na duniya, masu wannan sana'a suka sa rai da ciniki. Sai ga annobar korona, sai kuma juyin mulkin soja na Fabrairun 2021 da yaƙin da ya biyo baya, baƙi suka ɗauke ƙafa. Mai albasa da mai man riɗi ba za su rasa ɗan gari da zai saya ba. Mai ƙaro kuwa in ciniki ya tsaya almajiransa watsewa suke yi, kuma hannun da aka yi shekara da shekaru ana horarwa ba a samunsa a rana ɗaya. Girgizar ƙasa ta 1975 da ta 2016 sun fasa gine-gine da dama, an kuma gyara da yawa daga cikinsu da tubali. Sana'a kuwa sai da mai saye take rayuwa.