Mazarin Injin Sassaƙa Ƙarfe: Abin Lura Kafin A Zuba Jari

Masu ƙananan masana'antun ƙira a Kakuri ta Kaduna da Bompai ta Kano da kuma Nnewi sun san cewa ba tsadar ƙarfe kaɗai ke cin ribarsu ba. Lokacin da ake ɓatawa wajen kwance aiki daga wannan inji a ɗaura shi a wancan, shi ma kuɗi ne, musamman inda janareta ke ci gaba da shan mai.

A injin sassaƙa akwai sandar da ke riƙe ƙarfe tana juya shi kamar mazari, kuma injin lantarki ne ke jan ta. Asalin aikinta gudu ne, wato juyi dubbai a minti guda. To amma a injinan da kwamfuta ke sarrafawa, waɗanda tushensu ke komawa ga gwajin da aka nuna a jami'ar MIT ta Amurka a 1952, an kai ga sa mazarin ya tsaya daidai kusurwar da aka umarce shi, ko ya tafi sannu a hankali tare da sauran sassan injin. Wannan shi ne injiniyoyi ke kira layin C.

Amfaninsa a fili yake. Alal misali, faifan ƙarfe mai bukatar ramukan kusoshi shida, a da sai an gama sassaƙa shi, a kwance, a kai wani inji, a sake aunawa. Idan kuwa mazarin na tsayawa a kowace digiri 60, kuma injin na da bakin huda mai juya kansa, a ɗauri ɗaya za a gama.

Sai dai fa ba kowane inji ke da wannan baiwa ba, kuma a nan ne mai saye kan yi asara. Da yawa daga cikin injinan na iya tsayar da mazari a wuri ɗaya tak, ta hanyar umarnin M19. Wannan bai kai layin C ba. Bambancin yana ga na'urar da ke ƙidaya juyi. Wadda aka saba sawa tana raba juyi ɗaya gida 4,096. A kan faifai mai faɗin milimita 200, wanda kewayensa ya kai kimanin milimita 628, kowane taki ɗaya kusan milimita 0.15 ke nan. Wannan ya isa ga ramukan kusoshi na yau da kullum, amma bai isa ga aiki mai bukatar daidaito sosai ba. Cikakken layin C irin na kamfanonin Fanuc na Japan da Siemens na Jamus yana karɓar umarni har zuwa digiri 0.001, wato gida 360,000.

Ga mai son gyara tsohon inji kuwa, abubuwa huɗu ne ke jiransa. Na farko, akwatin sarrafa gudun injin lantarkin dole ya zama mai karɓar rahoto daga na'urar ƙidaya. Na biyu, a ɗaura na'urar a jikin mazarin kansa, domin bel kan zame, giya kuma kan yi wasa. Na uku, injin da fankarsa ke kan sandarsa zai ɗau zafi idan yana tafiya a hankali, don haka sai an ƙara masa fanka mai wutarta daban. Na huɗu, ana bukatar birki da zai riƙe mazarin lokacin huda mai nauyi.

Nijeriya ta daɗe da sanin muhimmancin wannan fanni, domin tun 1980 aka kafa kamfanin ƙera injina na Osogbo da haɗin gwiwar kamfanin HMT na Indiya, sannan aka kafa hukumar NASENI a 1992. Duk da haka, injina masu kwamfuta da kayayyakin gyaransu akasari daga waje ake shigo da su, da kuɗin musaya, wanda ya ƙara tsada bayan sakin darajar naira a watan Yuni na 2023.

Saboda haka lissafin mai sauƙi ne. Idan aikin da ake samu iri ɗaya ne mai yawa, jarin zai dawo da kansa. Idan kuwa jefi-jefi ne, faifan raba kusurwa na hannu ya wadatar. Wanda ya ƙudurta saye, ya nemi dillali ya huda masa ramuka shida a gabansa, a auna tazararsu, kafin ya biya.