GIGIN TSUFA: SHIN GADONSA AKE YI?

Jama'ar Saulawa da sauran ƙauyukan Ikara da Makarfi da Kudan sukan ga dattijo ya manta sunan jikansa, ko ya fita masallaci ya kasa gane hanyar gida. Waɗansu su ce tsufa ne kawai, waɗansu su ce sammu. Likitoci sun tabbatar ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba kuwa kowane tsoho ke yinsa ba. Irinsa wanda ya fi yawa ana kiransa da sunan Alois Alzheimer, likitan Jamus da ya bayyana shi a 1906.

Abin da ake gada

Kowane mutum yana gadon ƙwayoyin halitta bibbiyu, ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Cikinsu akwai wadda ake kira APOE, aikinta taimakon jigilar kitse cikin jini da ƙwaƙwalwa. Iri uku ce: ta 2, da ta 3, da ta 4. A 1993 masana na Jami'ar Duke ta Amurka suka gane cewa iri na 4 yana ƙara haɗarin gigin da ke zuwa bayan shekara 65. Ga Turawa, wanda ya gaji ɗaya haɗarinsa ya yi kamar ninki 3, wanda ya gaji biyu kuwa ninki 8 ko fiye. Amma ku lura, da yawa masu ita sun tsufa da hankalinsu garau, da yawa marasa ita kuma ciwon ya same su. Gadon kai tsaye, mai bin gida daga uba zuwa ɗa, ba shi da yawa, kuma galibi kafin shekara 65 yake bayyana.

Abin da aka gani a ƙasarmu

A 1992 Farfesa Benjamin Osuntokun na Badun da Likita Hugh Hendrie na Amurka suka soma gwada tsofaffin Yarabawa da baƙar fata na birnin Indianapolis. A 1995 aka bayyana cewa kamar mutum 2 cikin 100 ke da ciwon a Badun, can kuwa kamar 8. Ga abin mamaki, iri na 4 yana da yawa ga jama'ar biyu duka, amma ƙarfinsa kaɗan ne ga mutanen Badun. Sai da aka daɗe ana bin su aka ga yana ƙara haɗari ga wanda ya gaji biyu. Masana suna zaton bambancin abinci, da ƙarancin kitsen jini da ciwon jijiyoyi, suna cikin dalilan. Watau kamar irin masara ne: ɗaya ne a hannu, amma abin da zai bayar ya danganta ga gona da taki.

A Zariya ma, binciken da aka buga a 2011 kan tsofaffi 322 ya sami kusan 3 cikin 100. Yawan shekaru dai shi ne babban dalili ko'ina.

Abin da ya kamata a yi

Ba mai iya sake gadonsa. Amma a 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafta abubuwa 14 da ake iya gyarawa, waɗanda ke da hannu a kusan 45 cikin 100 na ciwon. Saboda haka:

1. A riƙa auna hawan jini da ciwon sukari, a sha magani yadda likita ya ce.
2. A bar taba, a rage gishiri da maiƙo.
3. A nemi maganin kurumta da yanar ido.
4. A sa yara makaranta, maza da mata, gama ilmi yana ƙarfafa ƙwaƙwalwa.
5. Kada a bar tsoho shi kaɗai a ɗaki. A yi hira da shi, a bar shi ya taɓa aikin da ya saba.

In an ga alama, a kai shi babban asibitin Ikara ko na Makarfi, daga nan a iya tura shi Asibitin Koyarwa na Shika. Waɗansu cututtuka masu kama da gigi suna warkewa in an gane su da wuri.

Kada a ƙi auren gida don kakansu ya ruɗe. Kada kuma a kira tsohuwa mayya don ta yi sambatu. Marar lafiya ce, haƙuri da kulawa su ne haƙƙinta a kanmu.